Kungsholm na Shikago: tashen wani gidan abincin Sikandinebiya da dalilan shuɗewarsa

A kusurwar da titin Ontario ya gamu da titin Rush, a tsakiyar birnin Shikago na ƙasar Amurka, akwai wani tsohon gini na masu hali wanda daga shekarar 1937 zuwa 1971 ya kasance gidan abinci mai suna Kungsholm. Abin da ake sayarwa a cikinsa shi ne abincin mutanen Sikandinebiya, wato Suwidin da Denmak da Norwe, amma abin da ya sa dattawan birnin ba su manta da shi ba wani abu ne daban: idan baƙo ya gama cin abinci, sai ya wuce wani zaure ya zauna ya kalli 'yan tsana suna wasan opera, wannan wasan kwaikwayo na Turawa da ake rera maganganunsa cikin waƙa. Gidan ya yi shekara 34 yana aiki, ya tsallake yaƙin duniya na biyu, ya tsallake gobara, sannan ya rufe ƙofa a zamanin da cin abinci a waje ke ƙara zama ruwan dare ga Amurkawa. Amsar da ta fi sauƙin bayarwa ita ce zamani ya juya, sai dai wannan amsa ba ta bayyana kome ba, domin a wannan gini dai wani gidan abincin ya zo ya zauna shekara 46 bayansa. Dole ne a duba abin da Kungsholm ke sayarwa a haƙiƙa, da kuma wanda yake sayar wa.

Mai karatu zai ɗauka cewa gidan abincin baƙi yana rayuwa ne da cinikin 'yan ƙasarsu, kuma a Shikago akwai hujjar yin wannan zato. Daga tsakiyar ƙarni na 19 zuwa shekarun 1920, mutanen Suwidin fiye da miliyan ɗaya suka ƙaura zuwa Amurka, kuma yunwar da ta afka wa ƙasarsu tsakanin 1867 da 1869 na cikin abubuwan da suka ingiza su. Da yawansu sun yada zango a Shikago, har ya zamana a wajen 1900 ana ƙidaya birnin a matsayin na biyu a duniya wajen yawan 'yan Suwidin, bayan Stokholm kaɗai. Sun fara zama a wata unguwar talakawa da ke arewa da kogin birnin, ba nisa da inda Kungsholm ya zo ya kafu, daga bisani suka yi ta matsawa arewa zuwa Lake View da Andersonville yayin da hannunsu ya fara kama kuɗi. Amma a 1924 majalisar Amurka ta kafa dokar da ta ƙayyade yawan baƙin da kowace ƙasa za ta turo, tattalin arzikin duniya ya durƙushe daga 1929, ita kuma Suwidin ta kama hanyar wadata, sai kwararar ta ƙafe. Ashe ke nan Kungsholm ya buɗe ne bayan an gama zuwa, a lokacin da 'ya'yan baƙin suka riga suka zama Amurkawa masu jin Ingilishi fiye da harshen iyayensu. Wanda ke marmarin girkin gida yana samunsa da araha a wurin mahaifiyarsa, ko a liyafar coci, ko a ƙananan shagunan unguwa. Babban gida a tsakiyar gari ba domin shi aka yi shi ba.

Wanda ya kafa gidan, Fredrik Chramer, ɗan asalin Denmak ne, amma sunan da ya zaɓa na Suwidin ne. Kungsholmen tsibiri ne a cikin birnin Stokholm, ma'anarsa tsibirin sarki, kuma a wancan lokaci akwai wani sanannen jirgin ruwan fasinja mai suna Kungsholm da ke zirga-zirga tsakanin Gotenbag da Niyok. A can gida, ɗan Denmak da ɗan Suwidin sun san bambancin girkinsu sarai, kamar yadda suka san tarihin yaƙe-yaƙen da kakanninsu suka gwabza, amma a idon Ba'amurke duk abu ɗaya ne, kuma kalmar Sikandinebiya ta fi yin amfani a allon kasuwanci a ƙasar waje fiye da yadda take yi a ɗakin girkin kowace ɗaya daga ƙasashen uku. Ginin ma da aka zaɓa yana faɗin irin baƙon da ake jira. Gidan L. Hamilton McCormick ne, ɗan ɗan'uwan Cyrus McCormick, mutumin da injin girbinsa ya azurta zuri'ar, kuma dangin sun mallaki gidaje da yawa a wannan yanki har aka riƙa kiran unguwar da sunansu. Wanda ya hau matakalar wannan gida domin cin abincin dare yana sayen ɗanɗanon rayuwar attajiran da suka tashi, tun kafin a miƙa masa faranti.

Shi kansa abincin yana da tarihin da ya kamata a tsaya a kai, domin a cikinsa ne ƙarfin gidan da rauninsa suke. Ana kiransa smörgåsbord, daga kalmomi biyu na harshen Suwidin, ɗaya mai nufin burodi da aka shafa wa man shanu aka ɗora masa wani abu, ɗayar kuma mai nufin tebur. Asalinsa wani ɗan tebur ne da masu hali ke ajiyewa a gefe tun ƙarnoni da suka wuce, inda baƙi ke tsayawa su taɓa burodi da cuku da kifi mai gishiri tare da barasa kafin a zauna ga ainihin abinci. Sannu a hankali abin taɓawa ya yi ta ƙaruwa har ya haɗiye abincin da ake jira. Kusan duk abin da ke kan teburin ɗan sanyi ne, ma'ana dabara ce ta mutanen da ƙanƙara ke rufe wa gona watanni da dama a shekara, waɗanda dole su adana abin da suka samu da gishiri, ko hayaƙi, ko ruwan tsami, ko iska. Kifin herin ana jiƙa shi a ruwan tsami da sukari da albasa. Kifin salmon ana lulluɓe shi da gishiri da sukari da wani ganye mai ƙamshi a bar shi kwanaki, kuma sunansa gravlax yana nuni ga zamanin da masunta ke binne shi a ƙasa. Wanda ya san kilishi da kifin banda ya san wannan hikima, kuma busasshen kifin nan mai tauri kamar itace da ake gani a kasuwannin Najeriya daga arewacin Norwe ake kawo shi, inda ake shanya shi a kan katako a sararin Allah.

Teburin yana da ladubbansa, kuma a nan ne kasuwancin ya fara haɗuwa da matsala. A Suwidin ba a tara kome da kome a faranti ɗaya. Ana farawa da herin tare da dafaffen dankali da burodi mai ƙarfi, a canza faranti a koma ga sauran kifaye masu sanyi, a sake canzawa a ɗauki yankakken nama mai sanyi, sannan a zo ga masu zafi irin su ƙwallayen niƙaƙƙen nama da dankalin da aka gasa da kirim da ƙananan kifi, a rufe da cuku ko kayan zaƙi. Yana da kyau mai karatu Musulmi ya sani cewa naman alade da barasar da suke kira akvavit suna da babban matsayi a wannan tebur, musamman a na Kirsimeti. Wannan jeri ya samo asali ne daga al'ada, amma yana yi wa mai gida amfani ta fuskar lissafi, domin baƙon da ya fara da dankali da burodi da kifi mai araha ya riga ya rage wurin da zai zuba mai tsada. Baƙon da bai taso da wannan tarbiyya ba, wanda ya biya kuɗi ƙayyadadde aka ce masa ya ci iya cikinsa, kai tsaye zai nufi abin da ya fi daraja, ya cika faranti, ya bar rabi. Ga kuma aikin hannu: jiƙawa da gasawa da yankawa da jerawa na abinci iri-iri masu yawa, waɗanda dole tebur ya kasance cike da su ko baƙi goma suka zo ko ɗari uku, domin smörgåsbord da ya yi rama ya daina zama smörgåsbord. Muddin farashi na sama kuma albashin ma'aikata na ƙasa, lissafin yana fita. Idan ɗayan biyun ya motsa, sai a fara asara a ɓoye.

Chramer ya yi sa'ar lokaci. An ɗage dokar haramta barasa a Amurka a 1933, wanda ya dawo wa manyan gidajen abinci da hanyar ribarsu mafi girma, sannan a 1939 aka buɗe babban baje kolin duniya a Niyok, inda rumfar Suwidin ta ajiye gidan abinci mai suna Three Crowns da ya gabatar da smörgåsbord ga ɗimbin maziyarta. Daga nan kalmar ta shiga bakin Amurkawa. Kungsholm, wanda ya riga ya yi shekara biyu a buɗe, ya tsinci kansa yana sayar da abin da kowa ke son ya gwada.

A wannan baje koli dai aka nuna wani wasan 'yan tsana na opera wanda wani matashin Shikago mai suna Ernest Wolff ya ƙirƙira tare da mahaifiyarsa, kuma irin wannan fasaha ce Chramer, mai tsananin son opera, ya shigo da ita gidansa a 1941. Yadda ake yin wasan ya cancanci bayani, domin ya bambanta da 'yan tsanan da ake rataya wa zare daga sama. Tsawon kowace 'yar tsana inci 13 ne, kusan santimita 33, kuma daga ƙasa ake sarrafa ta. Daɓen dandamalin yana da tsagogi kamar layin dogo, masu wasan kuma suna zaune a ƙarƙashinsa a kan kujeru masu taya, suna tura 'yan tsanan ta cikin tsagogin da sanduna, suna jan wayoyi domin su ɗaga hannu, su juya kai, su rusuna. Muryoyin daga faifan garmaho suke fitowa, na manyan mawaƙan zamanin, a gaban dandamali kuma akwai rukunin 'yan tsana makaɗa da jagoransu suna motsi tare da kiɗan. Wanda ya taɓa ganin wasan 'yan dabo a ƙasar Hausa, inda mai wasan ke ɓuya a ƙarƙashin mayafi yana ɗago 'ya'yansa, ya fahimci tushen abin, sai dai a nan an ƙara masa labule da fitilu da tufafin da aka ɗinka daidai da na babban dandamali.

Dalilin da ya sa manya masu hankali suka ɗauki wannan wasa da muhimmanci yana cikin halin da opera ta shiga a birnin. An buɗe katafaren gidan opera na Shikago a 1929, 'yan kwanaki bayan faɗuwar kasuwar hannun jari, kuma kamfanin da ke wasa a cikinsa ya ruguje a 1932 tare da rugujewar dukiyar Samuel Insull, attajirin lantarkin da ke ɗauke da nauyinsa. Kamfanonin da suka biyo baya sun yi ta tashi suna faɗuwa, kuma sai a 1954 aka kafa Lyric Opera wanda ya tsaya da ƙafarsa. A tsakanin waɗannan shekaru, birni mai mutum fiye da miliyan uku, cike da Jamusawa da Italiyawa da 'yan Foland da suka taso da son wannan kiɗa, ba shi da wurin da zai dogara da shi a kowane mako. Kungsholm ya cike wani ɓangare na wannan giɓi. Da gobara ta cinye zauren wasan da kayansa a 1947, Chramer bai haƙura ba, ya sake gina wani mai kujeru fiye da 200 wanda ya fara aiki a farkon shekarun 1950. A ganina wannan shawara ta nuna cewa shi kansa ya san ba herin ne ke riƙe da gidan ba. Amma ta kuma ɗora wa ɗakin girki nauyin ciyar da gidan wasa guda, da masu sarrafa 'yan tsana, da maɗinka, da masu zanen dandamali, alhali irin wannan hidima ba ta cika biyan kanta ba ko a inda gwamnati ke tallafa mata.

Daga nan abubuwa uku suka taru a kansa, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Mafi girma a cikinsu shi ne nasarar smörgåsbord ɗin kansa. Tun a shekarun 1940 gidajen caca na Las Vegas, El Rancho Vegas a kan gaba, suka gane cewa dogon tebur na ci-iya-cikinka a farashi mai rahusa yana hana ɗan caca fita neman abinci, sai suka ɗauki siffar suka watsar da abin da ke ciki. A shekarun da suka biyo baya gidajen abinci masu araha a faɗin Amurka suka riƙa rubuta smörgåsbord a allunansu alhali soyayyar kaza da taliya da salak suke jerawa, har kalmar ta koma nufin tarkacen kowane irin abu a Ingilishi. Abin da ke alamta ƙasaita a 1939 ya koma alamar araha, kuma gidan da ke ɗaukar kwanaki yana jiƙa kifinsa da hannu ya rasa yadda zai fahimtar da baƙo dalilin da zai biya ninkin abin da ake biya a bakin babbar hanya domin abu mai suna iri ɗaya. Kungsholm bai rasa kasuwa domin an ƙi abin da ya kawo ba. An karɓe shi ne har ya daina zama nasa.

Na biyu shi ne yadda dare ya canza a biranen Amurka. A 1950 gida ɗaya cikin goma ne kawai ke da talabijin, zuwa 1960 kuwa kusan tara cikin goma. Yawan mutanen Shikago ya kai ƙololuwa a ƙidayar 1950, da mutum miliyan 3.6, daga nan ya fara raguwa yayin da iyalai masu matsakaicin hali, cikinsu har da jikokin 'yan Suwidin, suka koma sababbin unguwannin bayan gari. Wanda ke son opera ta gaske yanzu yana da Lyric, wanda ke son kallo yana da akwati a falonsa, wanda ke son ganin Sikandinebiya da idonsa kuma yana iya hawa jirgin sama, tun da kamfanin SAS ya buɗe hanyar da ta bi ta saman yankin ƙanƙara daga Kopenhagen zuwa Los Angeles a 1954. Na uku shi ne mallaka. Gidan ya koma hannun kamfanin Fred Harvey, wanda ya yi suna tun 1876 da gidajen abincin da ya jera a tashoshin jirgin ƙasan Santa Fe, shi kuma Fred Harvey ɗin kamfanin Amfac na Hawai ya saye shi a 1968. Abin da mutum ɗaya ke kashe wa kuɗi saboda ƙauna, idan ya faɗa cikin littafin lissafin babban kamfani sai ya zama layi ɗaya da ake tambayar amfaninsa. Shekara uku bayan wannan ciniki aka rufe Kungsholm.

Ba shi kaɗai ya bi wannan hanya ba. Scandia, wanda wani ɗan Denmak mai suna Ken Hansen ya kafa a titin Sunset na Los Angeles kuma ya zama matattarar taurarin fim, ya ƙara jimawa amma shi ma ya rufe a 1989. Abin lura shi ne waɗanda suka fi daɗewa a Shikago ƙananan wurare ne na unguwa, irin su Ann Sather da ke sayar da karin kumallo tun 1945, domin ba su taɓa dogara da baƙunta ba, maƙwabta suke ciyarwa.

Da girkin Sikandinebiya ya dawo manyan birane, ya dawo ne da fuskar da ta saɓa wa ta Kungsholm ta kowace hanya. Gidan abincin Aquavit da aka buɗe a Niyok a 1987 ya yi suna ne da faranti ɗaiɗai da aka tsara da kyau, musamman a hannun Marcus Samuelsson, haifaffen Habasha da ya taso a Gotenbag. Sannan René Redzepi da Claus Meyer suka buɗe wani gidan abinci mai suna Noma a Kopenhagen a 2003, a shekarar da ta biyo kuma wasu masu girki na yankin suka sa hannu a kan wata sanarwa ta sabon girkin arewa, wadda ta jaddada amfani da abin da ƙasa ta bayar a lokacinsa. Maimakon tebur mai ɗauke da kome, sai loma kaɗan-kaɗan a farashi mai nauyi, maimakon baƙo ya zaɓa, sai mai girki ya zaɓa masa. Wannan tsari yana da wuyar kwaikwayo a bakin hanya, saboda haka ya kauce wa abin da ya kashe smörgåsbord, amma bai kauce wa matsalar aikin hannu ba, domin a farkon 2023 Redzepi da kansa ya sanar da cewa Noma zai daina hidimar yau da kullum, yana mai cewa irin wannan kasuwanci ba mai ɗorewa ba ne. Ƙwallayen naman kuwa sun sami wani gida daban, a kantunan kayan ɗaki na IKEA, wanda ya shiga Amurka a 1985, inda abincin ke yin aikin da ya yi wa gidajen cacar Las Vegas, wato riƙe mai saye a cikin gini.

Ginin McCormick ya koma gidan gasasshen naman shanu na Lawry's a 1974, wanda ke da jerin abinci gajere da kowane Ba'amurke ya sani, ya kuma zauna har ƙarshen 2020 lokacin da annobar korona ta durƙusar da cinikin tsakiyar gari. An kai 'yan tsanan Kungsholm gidan tarihin kimiyya da masana'antu na Shikago. Fasahar sarrafa su kuma ta rayu ta hannun William Fosser, wanda ya yi aiki a Kungsholm tun yana matashi, ya kafa nasa wasan mai suna Opera in Focus, aka ba shi wuri a Rolling Meadows da ke bayan gari, inda almajiransa suka ci gaba da zama a ƙarƙashin dandamali suna jan wayoyi bayan rasuwarsa, ba tare da teburin kifi a ɗakin da ke kusa ba.